Tallafin jika goma: wanda ya ɗan motsa, shi ake bari a waje

A shekarar 2011 ne gwamnatin Nijar, tare da taimakon Bankin Duniya, ta kafa shirin tallafa wa marasa ƙarfi da ake kira Filets Sociaux, ƙarƙashin ofishin firaminista. Cikin jahar Maraɗi, garuruwan karkarar Cadawa a gundumar Agye, da Gangara a gundumar Gazawa, da Saye Sabuwa da Gidan Sori a gundumar Gidan Rumji suna daga cikin na farko da suka shiga. A wancan lokacin, gidan da aka zaɓa, uwargida ce ke karɓar jika 10 kowane wata har tsawon wata 24. Jimla ke nan jika 240, kuɗin da ba kowane manomin hatsi ke riƙe irinsu a hannu ba.

Da yake kuɗin ba su isa kowa, tilas a yi zaɓe. Manomi kuwa ba shi da takardar albashi kamar ma'aikaci, don haka masu ƙidaya ke bin gida gida suna rubuta abin da ido ke gani: yawan iyali, irin ginin ɗaki da rufinsa, bisashe da kayan gida. Daga nan a ba kowane gida maki, a ja layi. Wanda ke ƙasa da layin ya shiga, wanda ya ɗara shi ko da kaɗan ne ya fita.

Nan gizo ke saƙa. A ɗauki magidanta biyu masu gona ɗaya da iyali ɗaya. Guda ya tafi cirani Katsina ko Kano, ya dawo ya rufa ɗakinsa da kwano, matarsa ta ɗauki adashe ta sayi awaki biyu. A takarda ya fi maƙwabcinsa, alhali rumbunsu tare ke ƙarewa kafin damina ta yi nisa. Abin da ya ƙaru da shi na iya gazawa jika 240 ɗin da ya rasa. Ba abin mamaki ba ne in mutum ya yi tunanin kora akuyarsa gidan ɗan'uwa ranar ƙidaya.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. A Amurka, dokar tarayya ta taimakon abinci ta sa iyaka a kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci, ta yadda ƙaramin ƙarin albashi kan iya raba iyali da taimakon. A Faransa, tallafin RMI na 1988 yakan ragu gwargwadon abin da mutum ya samu, sai a 2009 aka maye shi da RSA domin mai aiki ya ci moriyar guminsa.

Sai dai tsarin Nijar na da wata fa'ida: an ɗaure shi da wa'adi. Matar da sunanta ya shiga, in cinikinta na man gyaɗa ya bunƙasa ba a yanke mata kuɗi kafin wata 24 su cika. Daga baya ma an gwada ƙara wa wasu matan jarin jika 80 a dunƙule, da horo, da asusun adashe irin na Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta soma a Maraɗi a 1991. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna samun waɗannan mata ya ƙaru.

Saura gyara a bakin ƙofa. Ƙidayar da ta daɗe ba ta faɗin halin yau, ganin fari guda kan maida mai awaki abin tausayi, kamar yadda jahar ta gani a 2005. Ya kamata a riƙa sabunta jerin sunaye, a saurari ƙarar wanda aka bari, a kuma tanadi ƙaramin kaso ga gidajen da ke dab da layi. Ma'aikacin da ke riƙe da alƙalami da ɗan kasuwar da ke ba manomi bashi, dukansu suna da riba in talaka ya daina tsoron a ga akuyarsa.