Haɗin Ayon da Haɗarin da ke Cikin Wasu Sinadarai

Gishirin da ake zubawa a miya ya samu ne daga haɗuwar sinadarai biyu waɗanda kowannensu, idan yana shi kaɗai, na iya halaka mutum: sodiyam, wani ƙarfe mai laushi da wuƙa ke iya yankawa, wanda kan kama da wuta idan ya shiga ruwa, da kulorin, iskar gubar da sojojin Jamus suka saki a fagen daga a Beljiyam cikin 1915. Ƙwayar zarra ta sodiyam tana da ilektron ɗaya tak a zagayenta na waje, ta kulorin kuwa tana da 7, saura ɗaya ta cika, don haka sai sodiyam ya miƙa nasa ya koma mai cajin tarawa, kulorin ya karɓa ya koma mai cajin ɗebewa. Ƙwayar da ta ɗauki caji ita ake kira ayon, jan da ke tsakanin ayon masu kishiyar caji kuma shi ne haɗin ayon.

Wannan haɗi yana da ƙarfi ƙwarai, domin gishiri ba ya narkewa da zafi sai ya kai digiri 801 a ma'aunin Salsiyos, kuma muddin yana bushe ba ya ɗaukar lantarki, saboda kowane ayon na kafe a gurbinsa. Da zarar ya jiƙa ya narke, sai ayon su warwatsu cikin ruwan, su zama hanyar da wuta ke bi. Abin da ya sa ke nan ruwan rijiya da gumi da ruwan ambaliya duk suke ɗaukar lantarki, kuma taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu ganganci ne.

Inda aka fi yin sakaci shi ne sodar da masu haɗa sabulu ke amfani da ita a gidaje, wato sodiyam haidiroksaid. A ido fara ce fat kamar gishiri ko sukari, idan an jiƙa ta kuma ba ta da launi ko wari, ga shi sau da yawa akan ajiye ta cikin robar ruwan sha ko kwalbar lemo a ƙasan gado, daidai inda hannun yaro mai ƙishirwa ke kaiwa. Ayon ɗin haidiroksaid da take saki suna cin nama, suna ƙona baki da maƙoshi, kuma ko yaron ya tsira, tabon na iya tsuke hanyar abinci har haɗiya ta gagara bayan makonni. Sanya shi amai kuskure ne babba, domin sodar za ta sake ƙona inda ta bi, ɗura masa manja kuwa, duk da yaɗuwar al'adar, ɓata lokaci ne da ya kamata a yi amfani da shi wajen garzayawa asibiti tare da kwalbar da ya sha.

Dalma tata ɓarnar a ɓoye take. Ayon ɗinta yana ɗauke da cajin tarawa biyu kamar na kalsiyam, sinadarin gina ƙashi, don haka jiki kan karɓe shi a matsayin kalsiyam ya kai shi ƙashi da ƙwaƙwalwa. A 2010 aka gano cewa yara sama da 400 sun mutu a ƙauyukan Zamfara, musamman a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinare masu dalma a tsakar gida, inda ƙurar ke sauka a ƙasar da yara ke rarrafe, ruwan tsami na ciki kuma ya narkar da ita ta shiga jini. Makamancin haka ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Matakan da likitoci suka nanata su ne a fitar da niƙan daga cikin gari, a riƙa jiƙa dutsen kafin a niƙa, mahaƙa kuma su yi wanka su sauya tufafi kafin su shiga cikin iyali.