“Native”: kalmar da tsofaffin jaridun Ingilishi suka riƙa kiran ƴan Afirka da ita

Duk wanda ya buɗe jaridun Ingila na zamanin mulkin mallaka zai yi ta cin karo da kalmar “native”. A ƙamus ma'anarta ɗan asalin wuri, wanda aka haifa a can. Tushenta Latin ne, kuma ƴar uwa ce ga “natif” ta Faransanci. Amma a labaran da ake aikawa daga Afirka da Indiya wani aiki dabam take yi.

A waɗannan rahotanni, “native” na nufin duk wanda ba Bature ba ne kuma yake ƙarƙashin mulkin Turawa. Sarki da malami da ɗan dako duk suna ɗaya ake kiransu. Baturen da aka haifa a Afirka kuwa ba ya shiga wannan sahu. Ke nan fata da matsayi kalmar take nunawa, ba mahaifa ba.

An fi ganin tasirinta a labaran yaƙi. Akan kawo sunan hafsan Bature da muƙaminsa, sauran mutane sai a ba da adadinsu kawai. A boren Satiru, kusa da Sakkwato, a watan Fabrairu na 1906, an kashe Turawa uku, kuma an adana sunayensu. Sojoji baƙar fata fiye da ashirin da suka mutu tare da su sun tsaya a lissafi.

Kalmar ta shiga cikin doka ma. A Afirka ta Kudu, dokar filaye ta 1913 mai suna “Natives Land Act” ta keɓe wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar. Su kansu ƴan gwagwarmaya sun fara da ita: ƙungiyar da aka kafa a 1912 tana da “Native” cikin sunanta, sai a 1923 ta koma ANC.

Hausawa ma sun gaji wani abu daga gare ta. Hukumar sarakuna da Ingila ta yi mulki ta hannunta a arewacin Najeriya sunanta “Native Authority”, a taƙaice N.A. Daga nan aka samu “En'e”, wadda dattawan Katsina da Kano ke faɗa har yau. A Nijar, takwararta ita ce “indigène”. A ƙarƙashin tsarin “indigénat”, kumandan na iya ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba tare da shari'a ba, har zuwa 1946 da aka soke tsarin.

Bayan yaƙin duniya na biyu, da guguwar neman ƴanci ta taso, jaridu suka riƙa maye gurbinta da “African” ko sunan ƙasar mutum. A yau ba ta mutu ba: ana amfani da ita ga mai magana da harshen uwa, kuma a Amurka ƴan asalin ƙasar da dama sun karɓi sunan “Native American”.

Saboda haka ɗalibi ko mai fassara da ya ci karo da ita a tsohuwar jarida ya fara duba shekara da wanda ya rubuta. In ya fassara ta da “ɗan ƙasa”, ya ba mutanen wancan lokaci matsayin da dokar zamanin ta hana su.