Filin jirgin da ya ceci ciyawa

A tsibirin Martha's Vineyard da ke jihar Massachusetts ta Amurka, inda Bill Clinton da Barack Obama suka riƙa zuwa hutu a zamanin mulkinsu, akwai wani ɗan filin jirgin sama mai suna Katama, wanda lamarinsa ya daɗe yana ba ni mamaki. Babu kwalta, babu hasumiyar ba da umarni. Hanyoyin sauka uku ne, dukkansu ciyawa, kuma tun 1924 ƙananan jirage ke sauka a wurin, wato shekara guda kafin jiragen sojan Ingila su fara dira a Kano cikin 1925. Matuƙi kan ajiye jirginsa a ƙarshen fili, ya taka da ƙafa zuwa bakin teku shan iska.

Mai karatu zai zaci masu rajin kare muhalli su ne za su fi kowa ƙin jinin wannan fili, ganin cewa jirgi da tsuntsu ba sa ga maciji da juna. Sai ga shi a shekarun 1980 ƙungiyar Nature Conservancy ce ta taimaka wa hukumar garin Edgartown ta saye shi, bisa sharaɗin ba za a yanka shi filaye a gina gidaje ba.

Dalili kuwa shi ne ƙasar wurin rairayi ce da narkewar ƙanƙarar zamanin da ta shimfiɗa, kuma irin ciyayin da ke tsirowa a kanta sun yi ƙaranci ainun a duniya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wannan ciyawa ba ta son a ƙyale ta. Da zarar an bar ta sakaka, sai ƙananan itatuwa su mamaye wurin, su yi mata inuwa, ta mutu, tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa su yi ƙaura. Saboda haka ake yanke ta, a kuma cinna mata wuta da gangan. Mu a nan ƙunar daji ɓarna muka san ta da ita, amma can sai an auna iska, an keɓe yanki, ma'aikata sun tsaya a kai har wutar ta mutu. Matuƙi na buƙatar sarari, ciyawa ma haka, sai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ban ce babu hatsari ba. Tsibirin na cikin wuraren da fili ya fi tsada a Amurka, kuma duk inda kuɗi suka yi yawa, alƙawari na shan gwaji. A ganina ƙanƙantar filin ita ce garkuwarsa, domin ranar da aka malala masa kwalta da sunan ci gaba, manyan jirage za su biyo baya, gine-gine su rufa musu baya. A yanzu dai irin waɗannan jirage babban filin da ke tsakiyar tsibirin suke nufa, Katama kuwa ko ruwan sama ya yi yawa sai matuƙi ya yi tunani kafin ya sauka.