Igiyar rediyon da ke dafa iska fiye da zafin rana

A Kadarash, kudancin Faransa, ƙasashe da dama na gina ITER, injin gwajin da zai haɗe ƙwayoyin haidirojin kamar yadda ake yi a cikin rana. Kafin haɗuwar ta yiwu, sai iskar da ke cikinsa ta kai digiri miliyan 150. A wannan zafi ta zama filasma, wato ilektoron sun rabu da ƙwayoyinsu. Mu malamai mukan koya wa yara sandararren abu, ruwa da iska, sai mu tsaya. Ai akwai na huɗu, shi ne a walƙiya.

To, da me za a dafa ta? Babu ƙarfen da zai jure, maganaɗisu ne ke riƙe ta. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce jairotiron, na'urar da aka ƙirƙira a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1960. Igiyar da take fitarwa ba ta kai milimita 2 ba, tana kaɗawa sau biliyan 170 a daƙiƙa, daidai da juyin ilektoron cikin maganaɗisun. Kamar mai tura lilo ne a kan kari. Guda ɗaya na ba da megawat 1, kusan injin ɗumama abinci dubu ke nan. Abin da ya fi burge ni: tagar da igiyar ke fita ta cikinta, da lu'ulu'un da aka ƙera a masana'anta ake yin ta.

Sai dai fa a 2024 an ɗage cikakken gwajin zuwa 2039, kuma ITER ba zai tura lantarki gidan kowa ba.