Gushewar Ɗanɗano Bayan Aikin Maƙogwaro

A Madobi, Kura da Bunkure, inda noman rani ya wadata jama'a da shinkafa da tumatir, majinyacin da ya ture akushi akan ce tsirfa ce. Alhali in aikin maƙogwaro aka yi masa, ƙarfen da likita ke danne harshe da shi kan matse jijiyar ɗanɗano, miya ta koma lami. Galibi wannan kan wuce cikin makonni. Wanda kuwa ciwon daji ya sa aka cire masa maƙogwaro, ta ƙofar da aka huda a wuya yake numfashi; iska ba ta bin hanci, ƙamshin girki ya ɓace masa. Abin tsoro shi ne rama, domin miki ba ya warkewa da yunwa. Wajibi ne iyali su lallashe shi, su kuma shaida wa likita.