Gudun asuba da rainon yara: ko taura biyu na taunuwa?

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar asuba a unguwar Bobiel, nan arewacin birnin Yamai, ya san su. Mu da aikin rediyo ke fiddawa tun gari bai gama wayewa ba, kusan kullum sai mun ci karo da su a bakin gudro: samari ƴan ƙwallo, sojoji da jandarmomi, ma'aikatan bariki masu son rage tumbi, har da dattawa masu furfura, kowa na sassarfa yana sharce zufa. Amma in mutum ya tsaya ya ƙidaya matan da ke cikinsu, sau da yawa ba za su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Dalili a fili yake. A daidai wannan lokaci uwa tana tsakar gida tana hura wuta, ta ɗumama tuwo, ta yi wa wannan wanka, ta nemo wa wancan takalminsa na lakkol, ga na goye yana neman nono, ga kuma saurin samun taksi zuwa Katako ko Wadata ko Babbar Kasuwa kafin masu sayayyar safe su wuce ta.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne kiran da wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya ta yi mana a wani shirinmu na kiwon lafiya. Ƴaƴanta uku, ƙaramin bai daɗe da fara tafiya ba. An auna ta a likita, an gaya mata jininta ya fara hawa, an kuma umarce ta da ta rage gishiri ta dinga motsa jiki. Tun tana yarinya a lakkol tana son gudu, to amma tambayoyinta uku ne: ina lokacin yake, wa zai riƙe mata yaran, kuma me mutanen unguwa za su ce in sun ga matar aure tana gudu a kan hanya? Mun ɗauki alkawarin binciko mata amsa, ga kuwa abin da muka samo.

Gudu ba baƙo ba ne a Nijar

Gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada ƙanin wani, Turawa kuma su ce maraton, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, wato ya zarce nisan da ke tsakanin Yamai da Kollo. Ɗan Nijar Abdou Manzo ya yi wannan gudu a wasannin Olimpik har sau uku, a 1988 da 1992 da 1996. A 1996 ɗin ne kuma, a birnin Atlanta na Amurka, Rachida Mahamane ta shiga tseren mita 5,000 tana yarinya ƙarama, ta zama mace ta farko da ta wakilci Nijar a waɗannan wasanni. Mutanen Yamai kuma ba su manta da wasannin Farankofoni na watan Disamba 2005 ba, lokacin da ƴan tsere maza da mata na ƙasashe da dama suka sauka garinmu.

Sai dai a nan gida, ɗiya mace takan aje gudu da zarar an ɗaura mata aure. Don haka in ana son ganin yadda uwa ke haɗa goyo da tseren hanya, sai an leƙa gabashin Afirka, ƙasashen Kenya da Habasha, inda wannan gudu ya zama sana'a kamar yadda kasuwanci yake a wurinmu.

Iyayen da suka koma fage

Derartu Tulu ta Habasha, wadda ta tashi tana kiwon shanun gidansu, ta ci zinare a tseren mita 10,000 a Barselona a 1992. Ta haihu a 1998, mutane da dama suka ɗauka ta gama ke nan. A shekara ta 2000 ta sake cin zinaren a Sidni, a 2001 ta ci maraton na Landan, sannan a 2009 ta ci na Niyok tana da shekara 37.

Catherine Ndereba ta Kenya, ma'aikaciyar gidan kaso, ta haifi ɗiyarta a 1997. Bayan haihuwar ne ta ci maraton na Boston har sau huɗu, a 2000 da 2001 da 2004 da 2005, ta kuma kafa tarihin duniya a Chicago a 2001, inda ta gama cikin awa 2 da minti 18 da sakan 47. A shekarun da take gasa, takan yi watanni a Amurka wajen horo da tsere, a duk tsawon wannan lokaci kuwa maigidanta ne ke riƙe da ɗiyar a gida.

Mary Keitany, ita ma ƴar Kenya, ta taɓa yin aikatau a gidan mutane tana budurwa saboda rashin kuɗin makaranta. Ta haifi ɗanta a 2008, a 2009 ta zama zakarar duniya a rabin maraton. Ta sake dakatawa ta haifi ɗiya a 2013, ta dawo ta ci maraton na Niyok a 2014 da 2015 da 2016, ta ƙara a 2018. Mijinta shi ma ya yi tsere, tare suke fita atisaye a shekarun da take gasa.

Ta baya-bayan nan ita ce Peres Jepchirchir, wadda ta haihu a watan Oktoba 2017, ta ci zinaren maraton na Olimpik a ƙasar Japan a 2021, ta ci na Landan a 2024, ta kuma zama zakarar duniya a 2025.

Abin da muka lura da shi

In aka duba tarihin waɗannan mata, abubuwa uku ne ke maimaituwa. Na farko, babu wadda ta yi shi ita kaɗai. Bayan kowacce akwai miji ko uwa ko ƙanwa da ke riƙe da yaro a lokacin da take kan hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su ma mazan haka abin yake: Eliud Kipchoge, wanda ya ci zinaren maraton na Olimpik a 2016 da 2021, ya shafe shekaru yana kwana a sansanin horo na Kaptagat daga Litinin zuwa Asabar, matarsa ce ke tare da ƴaƴansu uku a garin Eldoret. Bambancin kawai shi ne, in namiji ya yi haka ba mai tambayarsa wa ya bar wa yara.

Na biyu, ba su yi gaggawa ba. Kowacce ta ba jikinta watanni, wata ma fiye da shekara, kafin ta koma babban tsere.

Na uku, akwai zancen kuɗi, kuma ƴar kasuwa ta fi kowa gane wannan, tunda ta san ranar da ba ta buɗe rumfa ba, ranar ba ciniki. Wanda ya ci maraton na Boston yana karɓar dalar Amurka 150,000, fiye da miliyan 80 na sefa ke nan, amma mai ciki ba ta tsere, ba ta kuma samun ko dala. A 2019 wasu ƴan tseren Amurka, cikinsu har da Kara Goucher da Allyson Felix, suka fito fili suka bayyana yadda kamfanin Nike ya tsayar ko ya nemi rage musu kuɗi saboda ciki da haihuwa. Surutun da ya biyo baya ya sa kamfanin ya canza dokarsa a wannan shekara, ya ba masu ciki kariyar watanni 18.

To mu fa, ina ribarmu?

Mai kayan miyar da ta kira mu ba zinare take nema ba, lafiyarta take nema, don ta rayu ta ga auren ƴaƴanta. Wasu za su ce ai wahalar gida da ta kasuwa ma ta isa motsa jiki. Ga mai daka da jan ruwa da yawon talla, akwai gaskiya a ciki. Amma mai rumfa ko mai tebur da ke wuni zaune a kan kujera tun safe har la'asar, ta tafi a taksi ta dawo a taksi, gajiya ce kawai take kwasa, zuciyarta ba ta yi aikin da zai ƙarfafa ta ba. Irin wannan zama, haɗe da yawan mai da gishiri da sukari, shi ke share wa hawan jini da ciwon sukari hanya. Kuma duk wadda ta taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ta san yadda ciwon ke cinye jari.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ce babban mutum na bukatar aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi, kamar gudu. In aka raba, minti 30 ne sau biyar a sati, ko gudun minti 25 sau uku. Bai kai lokacin da ake ɓatawa wajen ciniki da mai taurin kai guda ba. A shawarwarinta na 2020, hukumar ta ce masu ciki da masu jego ma su yi minti 150 na matsakaicin, matuƙar likita bai hana su ba.

Yadda uwa za ta tsara abin

Batun lokaci, bayan sallar asuba ya fi, musamman a watannin Afirilu da Mayu da zafin Yamai ke haura digiri 40. A lokacin hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, gara a haƙura, balle ga mai ciwon asma. Da azumi kuwa sai bayan an sha ruwa an huta. Wadda safiya ta yi wa cunkoso, ta sauka daga taksi tun da sauran tafiya, ta ƙarasa gida a ƙasa da sauri.

Batun yara, mu da muka iya adashe ba za mu kasa wannan ba. Mata huɗu ko biyar na layi ɗaya za su iya yin adashen raino: yau ɗaya ta zauna da yaran duka, sauran su fita, gobe wata ta karɓa. Fita cikin ayari na rage tsoron ɓata-gari, yana kuma rage bakin mutane, domin wadda ta fita ita kaɗai ake nunawa da yatsa. Kada a yi gudu da goyo a baya, girgizar na da haɗari ga wuya da kan jariri. Da goyo tafiya kawai ake yi. Kada kuma a kulle ƙananan yara su kaɗai a ɗaki, ko a bar su kusa da murhu ko randa.

Mai jego ta saurara da kyau. Yin arba'in ba ya nufin jiki ya koma daidai. Masana gyaran jiki a Ingila sun ba da shawara a 2019 cewa a jira kamar wata uku bayan haihuwa kafin a fara gudu, kafin nan a dinga tafiya a hankali. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗan, sai da izinin likita. In fitsari na zubowa ko mara na nauyi lokacin gudu, a dakata a je a ga ungozoma. Akwai kuma wani ciwon zuciya da ke kama masu jego, wanda likitoci a Zariya da nan Yamai suka daɗe da gano yana da yawa a yankinmu. Alamunsa su ne haki, kumburin ƙafafu, da kasa kwanciya rigingine da dare. Wadda ta ga haka, likita za ta nufa a ranar, ba gudro ba. Shi kuwa nono, gudu ba ya ɓata shi. A shayar da yaro kafin a fita, a kuma sha ruwa sosai. Mai hawan jini ta ci gaba da shan maganinta, ta kuma gaya wa likitanta kafin ta fara.

A kan hanya, a bi gefen hagu ana fuskantar motocin da ke tahowa, a sa tufafi masu haske don ƴan moto su hango mutum cikin duhun asuba. Hanyar laterit mai laushi ta fi gudro sauƙi ga gwiwa. Wadda ke da hali ranar Lahadi, ta je filin wasa na Seyni Kountché, inda za ta tarar da mata ƴan uwanta suna zagaye. Sutura ba ta hana komai: dogon wando, riga mai faɗi da hijabi mara nauyi sun wadatar. Takalmi kuwa, ƴan bosho na Katako na da shi, a dai zaɓi mai laushin ƙasa wanda bai matse yatsu ba. A fara da tafiya, bayan sati biyu ko uku a dinga sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti biyu, a ƙara kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Saƙo ga magidanta

Ku magidanta da muke gani a bakin gudro kullum, muna yaba muku. Amma ku tuna, gudun nan da kuke yi, wata ce ta tsaya da yaran har kuka samu sararin yin sa. In maigida ya fita Litinin da Laraba da Jumma'a, me zai hana ya zauna da yara rabin awa ranar Talata da Alhamis, uwargida ita ma ta fita da ƴan uwanta mata? Kuɗin takalmi bai kai kuɗin takardar magani ta wata ɗaya ba, kuma ranar da uwar gida ta kwanta ciwo, gidan ne duka ya kwanta. Sannan yaron da ya tashi yana ganin uwa da uba suna kula da jikinsu, shi ma haka zai taso.

Ga malama mai kayan miya, amsarmu ke nan: lokacin minti 30 ne, mai riƙon yara na nan cikin gidanki ko maƙwabta, mutanen unguwa kuwa za su yi magana kwana biyu su gaji, wataƙila ma ki ga wasu sun biyo ki. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuri'a, ya kuma kawo kasuwa mai albarka.