Tsutsar zogale da uwarta faɗa-wuta

Maganarmu ta wannan karo a kan zogale take, wanda wasu ke kira tamaka, da tsutsar da ke cinye ganyensa.

Duk mai zogale a garka ko a bayan ɗaki ya san abin. Yau itacen kore shar, mai shi yana lissafin ranar da zai tsinka. Bayan kwana biyar ko shida sai ya tarar ganyen ya yi fari-fari, ya yi sirara kamar ɓawon albasa. Ƙananan ganyen kan reshe sun manne da juna da wani zare mai kama da yanar gizo. In abin ya yi tsanani, ba abin da ke saura sai tsinke. Wasu su ce iska ce ta buge shi. Wasu su ce kanwa ce ta hau, tunda a kwaruruka irin namu na ƙasar Gure kanwa ba baƙuwa ba ce. To, ba iska ba ce, ba kanwa ba ce. Ka juya ganyen ka duba bayansa.

Za ka ga tsutsa ƙarama, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba. Jikinta kore ne mai haske, kanta ruwan ƙasa. In ta ƙosa, jikin yakan yi ja-ja. Ka taɓa ta da tsinke: sai ta yi ta mutsu-mutsu, ta saki ganyen, ta sauko tana lilo a jikin zarenta. Ita ce ɓarauniyar.

Uwarta da dare take yawo

Tsutsa ba ta fita daga ganye haka kawai, ba kuma raɓa ke haifarta ba. Uwa gare ta. Uwar ita ce faɗa-wuta, wato ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin nan da ke kewaya fitila da dare. Amma ba kowace faɗa-wuta ba. Irinsu dubbai ne a duniya, kuma da yawa cikinsu kowace da itacen da ƴaƴanta ke ci. A Faransa da Ingila akwai waɗanda tsutsarsu ke naɗe ganyen furen da ake kira roz da na ƙananan itatuwa masu ƴaƴa irin girman magarya. A nan wurinmu kun san murzuna, wadda ke bin zangarniyar hatsi tana yi mata zane kamar an naɗa igiya: ita ma ɗiyar wata faɗa-wuta ce. Ta zogale dabam take da ta hatsi. Ba ta cin hatsi, ta hatsi kuma ba ta cin zogale.

Masu ilimin ƙwari suna kiranta Noorda blitealis. Wani Bature na Ingila, Francis Walker, shi ya sa mata wannan suna a 1859. In ta buɗe fukafukai faɗinta wajen santimeta 2 ne. Fukafukan sama masu duhu ne, na ƙasa fari-fari masu baƙin baki. Da rana tana laɓe cikin ganye, shi ya sa mai garka zai shekara yana fama da ƴaƴan bai taɓa lura da uwar ba. An san ta a Indiya, inda asalin zogale yake, an san ta a Habasha da Sudan. A Nijar, masu bincike da suka yi aiki a tashar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, sun buga takarda a 2011 suna cewa tana cikin manyan maƙiyan zogale a ƙasar nan. Masu noman zogale na Jiratawa a ƙasar Maraɗi, da na bakin kogi a Yamai, ba su bukatar takarda ta gaya musu.

Yanzu ga kwanakin rayuwarta, yadda masu bincike na Indiya suka ƙidaya su. Ku riƙe su da kyau, domin duk dabarar tana cikinsu.

Uwar tana zuba ƙwai gungu-gungu a kan ganye mai taushi, sabon toho. Uwa guda tana iya yin ƙwai har fiye da 200. Bayan kwana 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsa ta yi ta cin ganye kwana 7 zuwa 15, tana saƙa zare tana ɓuya a ciki. In ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa, ta shiga cikin turɓaya a gindin itacen, ta yi wa kanta ɗan gida, ta kwanta kwana 6 zuwa 9. Daga nan ta fito da fukafukai, ta zama uwa ita ma.

Ku da kuka yi lissafi a ajin yaƙi da jahilci, ku haɗa da kanku. 3 da 7 da 6, 16 ke nan. 3 da 15 da 9, 27 ke nan. Wato daga ƙwai zuwa sabuwar uwa ba a cika wata guda ba, kuma zafi yana gajarta kwanakin. Murzuna sau ɗaya take haihuwa a shekara, ta kwanta cikin ƙasa har damina ta kewayo. Wannan kuwa ba ta da hutu muddin akwai sabon toho. A kwari irin na Kilakina ko na wajen Gidigir, inda ruwa ke kusa ana ban ruwa rani da damina, zogale ba ya daina toho. Abin da ke sa garkar kwari ta yi albarka, shi ne kuma ke ciyar da tsutsar.

Maganar kwalba

Nan ne nake so mu tsaya mu yi magana ta gaskiya, domin ɓarnar tsutsa ba ta kai ɓarnar da ake yi wajen kashe ta ba.

Mutum ya ga ganyensa na ƙarewa, sai ya nufi kasuwa ya sayo kwalbar magani wurin mai tebur. Mai tebur ya ce wannan mai ƙarfi ne, yana kashe komai. Gaskiya ya faɗa, yana kashe komai. A zuba a pampo a fesa. Bayan kwana biyu ko uku a tsinki ganyen, a dafa, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ko a kai kasuwa.

Ku yi tunani. In an fesa wa auduga magani, ba wanda ke cin auduga. In an fesa wa hatsi yana ƙarami, sai an yi watanni kafin ya shiga turmi. Zogale fa? Ganyen da aka fesa wa magani, shi ne ganyen da za a ci. Masu noman sayarwa kusan kowane mako biyu suke tsinka, matan gida kuwa kullum. Kuma wa ke cin zogale? Mai ciki, mai jego, da yaron da tamowa ta kama, wanda aka ce wa uwarsa ta riƙa sa masa garin zogale a kunu. Wanda ya fi kowa rauni shi ake ba. Kada ku ce tafasa tana cire guba, ko shanya a rana tana cire ta. Ba wanda zai iya ba ku wannan tabbaci.

Piya-piya da ake sayarwa cikin ƙananan kwalabe ba ta da wuri a kan abin da mutum zai ci. Ba ta cikin magungunan da kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance maganin ƙwari ya yarda da su. Wannan kwamiti a Bamako yake, yana aiki tun 1994, kuma maganin da ya yarda da shi yana ɗauke da lambarsa a jikin takardar kwalba. Maganin da aka juye cikin kwalbar lemo ba takarda, ba suna, wannan ko kyauta aka ba ka, bar shi.

Ga inda karatunku zai yi muku rana. Takardar kwalba da Faransanci take ko Ingilishi, amma akwai abu biyu da kowane ɗayanku zai iya karantawa. Na farko launin da ke ƙasan takardar. Ja, guba ce mai tsanani ƙwarai. Rawaya, mai haɗari ce. Shuɗi, da sauƙi amma a yi hankali. Kore shi ne mafi sauƙi. Na biyu, a takardar Faransanci ku nemi baƙaƙe uku, DAR, da lambar da ke biye da su. Lambar nan ita ce kwanakin da dole a jira tsakanin feshi da tsinka. In an rubuta 7, kwana bakwai ne, ba biyar ba. In an rubuta 14, kai kuwa ba ka iya haƙurin mako biyu, to maganin ba na zogalenka ba ne.

Ko ta wajen aljihu ma kwalbar ba ta biya. Tsutsar da ta girma tana cikin zarenta, feshi ba ya isa gare ta sosai. Waɗanda ke cikin ƙasa kuwa ko ɗigo bai taɓa su ba, bayan mako guda za su fito su zuba sabon ƙwai. In ana ta maimaita magani iri ɗaya, masu taurin rai su ke tsira su haihu, ƴaƴansu su gaji taurin. Sai mai garka ya ce maganin bana ba shi da kyau, ya ƙara murfi biyu a kan ɗaya. Na sha shiga garkar da ake fesawa kowane mako, ba gizo-gizo, ba ƙoƙi-ƙoƙi, ba zanzaro, amma tsutsa tana nan fal. An kashe masu gadi an bar ɓarawo.

Masu gadin nan ba abin rainawa ba ne. Zanzaro tsutsa yake kamawa ya kai wa ƴaƴansa cikin gidansa na laka. Tun 2006 ma'aikatan INRAN na Maraɗi da abokan aikinsu suke kiwon wata ƴar ƙaramar rina, wadda ba ta harbin mutum, ana sa ta cikin ƴan buhunan algarara a rataye a gonaki domin ta kashe murzuna. Abin da gwamnati da masana ke kiwo da kuɗi domin hatsi, danginsa suna cikin garkarka suna aiki kyauta.

Abin da ya fi

Aikin farko na ido ne. Sau biyu a mako, da safe, ka bi itatuwan ka duba kan rassa. In ka ga ganye biyu-uku sun manne, ka tsinke su ka murtsuke, ko ka zuba wa kaji. Mai itace goma a gida, wannan kaɗai ya kusa isarsa, kuma aiki ne da yara za su iya.

Na biyu bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. Ga shi ko'ina a garuruwanmu muna shan inuwarsa, ƴaƴan suna zuba ana sharewa. Ku tara su lokacin da suke zuba, a wanke naman, a shanya ƙwallon a inuwa, a ajiye cikin buhu mai shan iska, ba cikin leda ba. Wanda ya yi fumfuna a zubar da shi. In za a yi aiki, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10, ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, don kada ya toshe bakin pampo. A narka ɗan farin sabulu a ciki domin ruwan ya kama ganye. A fesa da marece, rana ta yi sanyi, saboda zafin rana yana kashe ƙarfin bedi. A juya bakin pampo sama, ruwan ya sami bayan ganye, can tsutsar take. Wanda ba shi da pampo ya yi da tsintsiya. Ruwan da aka haɗa a yi aiki da shi ran nan, ba ya ajiyuwa.

Sai dai ku san halin bedi, don kada ku yi fushi da shi. Ba ya zubar da tsutsa nan take yadda guba ke yi. Yana hana ta ci, yana hana ta saɓa, sai ta rame ta mutu cikin ƴan kwanaki. Ƙanana ya fi kamawa, manya sukan tsira. Shi ya sa ake maimaitawa bayan kwana 5 zuwa 7, sau biyu ko uku, don a tari waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Kuma kullum a fara tsinka, sannan a fesa. Kada a juya. Bedi yana da ɗaci, a bar ganyen ƴan kwanaki kuma a wanke shi kafin a dafa. Turmin da aka daka shi ma kada ya zama na fura, in ba so kake a yi faɗa a gida ba.

Akwai wani magani da ake kira Bt. Ba guba ba ce irin ta kwalba, wata ƙwayar cuta ce da ke lalata cikin tsutsa in ta ci ganyen, ba ta cutar mutum ko dabba. Shi ma da marece ake fesa shi, a kan ƙananan tsutsa. In ya samu a shagon kayan noma mai izini, ya dace da zogale.

In tsutsa ta riga ta ci ƙarfin garka, kada ka ɓata kuɗi. Ka sare itatuwan daidai gwiwa ko ƙugu. Zogale ba ya jin haushin sara, sai ma ya ƙara rassa. Ka kwashe ganyen da rassan ka fitar da su daga garka; in ba a fesa musu guba ba, awaki su ci. Sannan ka kafce gindin kowane itace sama-sama da kwashe ko hauya, domin waɗanda ke kwance cikin turɓaya su fito fili, rana da tururuwa da kaji su gama da su. Sabon tohon da zai fito shi ne abin da uwar ke nema, saboda haka daga ranar da ya ɓullo za ka fara dubawa, ka ajiye bedi kusa.

Wannan sara ba ya aiki sosai in mutum guda ya yi shi. Faɗa-wuta ba ta san shinge ba. In ka sare naka maƙwabcinka ya bar nasa cike da tsutsa, cikin mako biyu baƙi sun dawo maka. Masu garka a kwari guda su zauna, ko a taron ƙungiya ko bayan sauraren shirin rediyo, su tsai da mako guda kowa ya sare. Har tsofaffin itatuwan shinge da ba mai kula da su, su ma a taɓa su, domin can ne gidan tsutsar.

Ba ita kaɗai ke cin zogale ba, akwai fara da wasu tsutsotsi masu gashi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. In kun ga abin da bai yi kama da wadda muka kwatanta ba, ku sa ƙwaron da ɗan ganye cikin kwalin ashana ku kai wa malamin gona na wajenku. Ku rubuta a takarda sunan garinku, ranar da kuka fara ganin ɓarnar, da abin da kuka riga kuka fesa, in kun fesa.